Saƙon Baba a Jirgin Ndagi

Malaman tarihi sun raba 'yan Adam al'umma-al'umma, malaman labarin ƙasa sun raba su nahiya-nahiya, ni kuma na shekara goma sha biyu ina koyar da rabe-raben nan a aji ban taɓa musa musu ba. Yau ina da nawa. Mutanen duniya kashi biyu ne: waɗanda inji ya taɓa mutu musu a tsakiyar kogi, da waɗanda har yanzu suke zaton sun san abin da ake kira haƙuri. Tun da na dawo daga Garwa, garin da ke ƙarƙashin mulkin Faransi, abokan aiki a makaranta da abokan hira a Ƙofar Ran, nan Bauchi, sun hana ni sakat: yaya ƙasar Faransi take, da gaske ne burodinsu ya kai kamu biyu, da gaske ne ka shiga jirgin da ke tsere wa doki? Na gaji da ba da labarin a gutsure, kowa ya tsinci inda ya ba shi dariya ya watsar da saura. To ga shi nan ɗungurungum. Baba ya riga ya ji nasa kason, daga ni sai shi a ɗakinsa. Wannan naku ne.

Ba shan iska ya kai ni ba. Mahaifina yana da ƙane guda, Baffa Sule, wanda da suna kawai na san shi. Shekara talatin da suka wuce Baffa ya jinginar da littattafan gidanmu ya sayi keken ɗinki. Baba, da yake shi ne babba kuma malami, ya ce masa a gaban jama'a ya zubar da mutuncin gida, ya nuna masa ƙofa. Baffa ya ɗora kekensa a ka ya fita. Daga nan sai dai labari jefi-jefi a bakin fatake: yana Yola, ya wuce Garwa, ya yi iyali. Sai a tsakiyar daminar bana, muna hutun makaranta, wani mai fataucin shanu ya kawo wasiƙar ajami daga Hamadu, ɗan Baffa. Ya ce mahaifinsa yana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma yana yawan ambaton Yayansa.

Baba ko masallacin unguwa ba ya kaiwa sai an riƙe shi, balle Garwa. Ya kira ni, ya ce, "Ka ce masa Yaya ya ce shi ne da laifi. Ka ce masa ya yafe mini tun mu biyun muna numfashi." Ya sa na maimaita sau uku, yadda nake sa yara. Na ce ko in rubuta a takarda ya sa hannu? Ya ce, "Da baki na kore shi. Da baki za a kai."

Na hau babbar motar Gombe ran Litinin, a gaba kusa da direba, wurin da ake ba malaman makaranta da masu ciwon baya. Wanda muka matsu da shi a kujerar shi ne Kofur Iliya, Basayi, Kirista, tsohon soja da ya koyi gyaran inji a yaƙi, yanzu makaniki a garejin gwamnati. Na shekara ina ganinsa yana wucewa ta bakin makarantarmu a keke, gaisuwarmu ba ta taɓa wuce ɗaga hannu ba. Zai je Jimeta ne ganin ƙanwarsa. Hausarsa irin ta barikin soja ce, mota "ya" tsaya, mace "ya" zo, kuma na yi alfahari da kaina da na kai Gombe ban gyara masa ko ɗaya ba.

A Gombe ruwa ya sauka, aka sa shinge a hanya, don doka ce mota ba ta bin hanyar ƙasa sai ta tsane. Muka yini muka kwana a zauren wani dillali, mu goma sha wani abu, ana gardamar mulkin kai. Wani tela ya ce in Turawa sun tafi za a cire shingen nan. Kofur ya ce, "Shinge za a cire. Taɓo fa, wa zai cire?" Ni dai ina zaune ina bitar saƙon Baba a zuci, ina lissafin kwanaki.

Bayan Kaltungo dutse ya bugi tankin motar, fetur ya fara ɗiga. Direba ya ɗora hannu a ka. Kofur ya sauka ba gaggawa, ya karɓi sabulu a hannun wata fasinja, ya jiƙa shi da yawu, ya murza har ya yi laushi, ya cusa a hujin. Ɗiga ya tsaya cak. Ya ce mini fetur ba ya narkar da sabulu, ruwa ne ke narkar da shi. Na ji daɗin wannan ilmi ƙwarai, har na rubuta shi a bayan littafina. Da na san inda zai kai ni, da na bar shi a Kaltungo.

A Numan muka haye Binuwai a jirgin fito, mota da mutane da awaki gaba ɗaya. Mu mutanen Bauchi ruwan da muka sani shi ne wanda ake tuɓe takalmi a tsallake. Wannan kuwa sai ka ƙura ido kafin ka rarrabe mutum da kututture a ɗaya gaɓar. A can na ci kifin da aka kama ina kallo, na kuma gane cewa abin da muke kira kifi a kasuwarmu tsohon labarin kifi ne.

Ran Juma'a muka shiga Jimeta. Fatoman da na sauka a gidansa ya ce hanyar mota zuwa Garwa ta yanke, sai kaka. Manyan jiragen kaya suna tafiya, amma na gaba sai bayan kwana shida. Da ya ji dalilin tafiyata, ya ce, "To sai dai jirgin Ndagi."

Ndagi Banufe ne, dattijo, kunnensa ɗaya ya toshe saboda shekarun da ya yi a ɗakin injin manyan jirage. Jirginsa kuwa abin kallo ne. Ƙarami ne, na katako mai sheƙi, da gilashi a gaba da sitiyari kamar mota, inji a tsakiya cikin akwati, tanki a can baya. Na wani Baturen kanti ne da ya zo da shi daga Ikko. A can, in ji Ndagi, igiya ake ɗaurawa a bayansa, mutum ya tsaya a kan katako biyu ya riƙe igiyar, jirgi ya ja shi bisa ruwa, ba don zai je ko'ina ba. Na tambaya sau biyu don in tabbata ba kunnen Ndagi ne ya juya labarin ba. Haka ne. Da Baturen zai koma gida ya bar masa shi. Ndagi ya ce in mun tashi da hantsi, la'asar a Garwa za mu yi ta.

Kofur ya rako ni bakin ruwa da safe don mu yi sallama. Ya sa aka buɗe akwatin, ya leƙa, ya saurari injin, ya ce, "Wannan injin mota ne aka koya masa iyo." Ya dubi durom ɗin da Ndagi ke ɗibar fetur a ciki, wanda ya kwana a fili cikin ruwan sama. Sannan ya dube ni. Ya aika a gaya wa ƙanwarsa sai jibi, ya ɗauko jakar sifanunsa ya shigo. Ban roƙe shi ba. A mota na ba shi labarin Baba, shi ke nan.

Mu huɗu ne: Ndagi a sitiyari, Kofur kusa da inji, ni a kujerar baya, sai wata tsohuwa Bafulatana da kowa ke kira Dada, za ta koma gida Garwa da ƙullin kanwa. Jirgin ya ɗaga hanci ya yanka ruwa, hulata ta kusa zama rabon kada. Ba mu yi nisa ba na ji warin fetur. Na waiga, sai na ga a tsakiyar murfin tanki akwai wani ɗan huji kamar na allura, duk sanda jirgi ya daki igiyar ruwa sai fetur ya ɗan tsatso ta nan. Ga Ndagi da taba a baki. Na ce a raina, ga ɓarna ga haɗari, ga kuma ni da maganinsu a aljihu. Na gutsuro sabuluna, na jiƙa, na murza, na cusa, na share da babban yatsa har ba a gane wurin. Ban gaya wa kowa ba, don aikin kirki ba ya son shela.

Bayan kamar rabin sa'a injin ya yi tari, ya sake yi, ya ja numfashi, ya mutu. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Sannan na lura bishiyoyin gaɓa sun fara tafiya gaba, wato mu muna komawa baya. Mota in ta mutu tana jiranka inda ta tsaya. Jirgi kuwa mai hawan kogi, duk abin da ka ci sai ruwa ya karɓe.

Ndagi ya zo baya, ya kwance murfin, ya tsoma sanda, ya ce mai na nan, ya mayar ya ɗaure. Muka tura da gora zuwa gaɓa. Kofur ya ce mini, yana aiki yana bayani kamar mai ba da darasi, mai yana da hanya guda: daga tanki zuwa bututu, daga bututu zuwa 'yar kwalbar tacewa, daga nan famfo, daga famfo kafireta. "Kamar ɓarawo ne, Malam. Gida-gida za ka bi har ka samu inda sawu ya tsaya." Ya kwance kwalbar ya ɗaga ta a rana. A ƙasanta ruwa ya kwanta, fetur na bisa, layi a tsakaninsu kamar an ja da rula. Ya nuna wa Ndagi.

"Nufawa, ku ruwa ba ya isarku a waje, sai kun zuba a tanki?"

"Me ka ce, Soja?"

"Na ce durom ɗinka ya sha ruwa!"

"Allah ya kiyaye," in ji Ndagi, wanda nake zargin yana jin abin da ya ga dama.

Muka zuƙe man duka a garewani, Kofur ya ciro tsohuwar hularsa ta soja mai gashi, aka tace fetur ta cikinta, don mai yana wucewa, ruwa ba ya wucewa. Aikin ya ci har azahar. Inji ya tashi lafiya, kowa ya yi hamdala. Rabin sa'a, ya sake tari.

Ba zan gajiyar da ku da kowane tsayi ba. Sau biyar ne a yinin, kuma kullum tsarin ɗaya: Ndagi ya buɗe murfi ya auna mai ya rufe, Kofur ya kwance gida na gaba. Ya cire bututu ya hura da baki har fetur ya ƙona masa leɓe, tsatsa ta fito. Ya warware kafireta a kan ɗankwalin Dada, ya jera ƙananan ƙusoshinta, ya zura zaren waya a hancinta. Abin da ya ɓatar da mu shi ne duk inda ya buɗe sai ya sami ɗan laifi, kuma duk sanda ya gyara sai inji ya tashi. Ina riƙe masa sifana, ina ba da shawara. Har na kawo masa ra'ayin cewa wataƙila zafi ne.

Muka kwana a wani ƙauyen masunta da ban riƙe sunansa ba. Ba mai jin Hausa a cikinsu sai mutum guda, amma suka share mana bukka, suka kawo tuwon dawa da miyar kifi, ba wanda ya tambaye mu ko su wane ne mu sai da muka ci. A gida mukan fara da tambayar asali, sa'an nan ruwa.

Washegari Lahadi. Kofur ya koma gefe ya yi addu'arsa a tsaye, hula a hannu, sannan ya kwance famfo. Fatar cikinsa ta ɗan tsage, ya ce to ga ɓarawon. Ya yanke harshen takalminsa, ya fere shi daidai, ya ɗaura. Aikin ya kai mu hantsi. Muka tashi. Rabin sa'a.

Inji ya sake mutuwa. Dada, wadda na ba labarin tafiyata a daren jiya, ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanda za ka gani ɗin, yana da ƙarfin jira?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Allah ya san da saƙon." Na juya fuska wajen ruwa. A lokacin na riga na maimaita kalmomin Baba har sun fara zama ƙara kawai a kaina, na kuma fara tsoron in na isa zan faɗe su kamar karatun aji.

Ndagi ya miƙe zai je auna mai, Kofur ya ce ya zauna, shi zai duba. Ya tsallake ni, ya kama murfin, ya murɗa. Sai muka ji "fuuu", doguwar shaƙa, kamar wanda aka daɗe da danne masa hanci aka saki. Kofur ya tsaya cik. Ya mayar da murfin, ya sa aka ta da inji, muka yi tafiya har ya fara tari, sai ya yi maza ya sassauta murfin. Tarin ya tsaya. Inji ya ci gaba kamar bai taɓa ciwo ba.

Ya juya murfin a hannunsa, ya kankare tsakiyarsa da farce, ya sansana.

"Wa ya sa sabulu a nan?"

Ni ne nake koya wa 'yan aji shida dalilin da ya sa ake huda gwangwanin madara wuri biyu: in iska ba ta shiga ba, madara ba ta fita. Na zana shi a allo ya fi sau ashirin, da kibiyoyi. Duk wannan ya zo mini a lokaci guda, kuma ina shaida muku na yi shiru na ɗan lokacin da ya ishi mutum ya yi ƙarya. Dada ce ta riga ni.

"Malam ne. Na gan shi jiya yana shafawa. Na ce ai tofi ne yake yi mana saboda kada."

Na ce ni ne, na ga yana ɗiga ne. Ndagi, wanda wannan karon ya ji sarai, ya fara wata magana da Nufanci da ban nemi fassararta ba. Kofur ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauki allura a ƙullin Dada ya buɗe hujin, ya hura, ya ɗaure murfin. Sannan ya ce, a hankali, "Malam, wancan rami na mota ciwo ne. Wannan hanci ne." Bai ƙara ba, har muka rabu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ina kallon ƙafarsa, takalmi ɗaya ba harshe.

Muka iso kan iyaka rana tsaka. Rumfa ce da tuta a bakin gaɓa, da wani jandarma, wato ɗan sandansu, baƙar fata mai jar hula, wanda ya yi mana bayani da Fulatanci, Dada tana juyawa, cewa Bature ya shiga hutun rana, ba a buga hatimi sai ƙarfe uku. Wannan ita ce al'adar Faransi ta farko da na gani: daga sha biyu zuwa uku hukuma tana barci, kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Namu Turawan ma suna yi, amma sukan bar hula a kan tebur don a ce suna nan. Da Bafaranshen ya fito ya ba kowannenmu hannu, har Dada, abin da ban taɓa ganin Baturen Ingila ya yi ba, sannan ya riƙe takarduna ya yi ta tambayar abin da malamin gwamnatin Ingila zai je yi a Garwa. Na gaya masa gaskiya. Ya dube ni, ya buga hatimi, ya ce wani abu. Jandarman ya ce, wai ku yi sauri.

Duhu ya hana mu ƙarasawa, sai da safiyar Litinin muka shiga Garwa. Masu tambayar burodi: e, dogo ne, yana da tauri, a hammata ake ɗaukarsa. Motoci dama suke bi. Kowa Fulatanci yake yi, har Hausawan. Iyakar abin da na gani ke nan, don ban ɗaga kai sosai ba. Dada ta raka mu unguwar Hausawa, ta tambayi gidan Sule tela, wani ya nuna.

A zaure na tarar da keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Wani mutum kusan sa'ana ya fito, da goshin Baba da tsayin Baba, har na kusa durƙusawa. Na ce ni ne ɗan Yayan mahaifinsa daga Bauchi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Baaba ya riga mu." Baffa yake nufi, haka suke kiran uba da Fulatanci.

Ban tambaye shi yaushe ba. Na san amsar, ko na ce na sani: ran Asabar ya kamata in iso, yau Litinin, a tsakanin nan ya cika. Na roƙe shi ya kai ni maƙabarta. Kofur ya tsaya daga bakin shinge, hula a hannu. Na tsuguna wajen kan kabarin, na yi addu'a, sannan na faɗa da ƙarfi yadda aka ba ni, ban ƙara ban rage ba: "Baffa, Yaya ya ce shi ne da laifi. Ya ce ka yafe masa." Sauran jimlar ban iya faɗinta ba, don ba ta da wurin zama kuma. Hamadu ya ce mahaifinsa bai taɓa ambaton Baba da mugun baki ba, yakan ce dai Yaya mutum ne mai zafi, kuma duk rigar sallar da ya ɗinka wa kansa sai ya ce da Yaya ne da ta fi yi masa kyau. Wannan na kawo wa Baba. Shi ne abin da na samu.

Kwana biyu na yi a gidan, ana kawo abinci ina mayarwa. Na gaya wa Hamadu zancen sabulun, don na ga hakkinsa ne ya san abin da ya hana mahaifinsa jin saƙon. Bai gane abin da nake nufi ba, ya yi ta ba ni haƙuri a kan wahalar hanya. Kofur yana gefe yana saurare. Shi ne ya yi tambayar da na kasa yi.

"Hamadu, tsoho wane rana ya rasu?"

Hamadu ya ƙirga a yatsu. Ya ce kwana biyu bayan ya ba mai shanu wasiƙar, shi kuwa mai shanu ya ce zai biya kasuwanni a hanya. Muka haɗa lissafinsa da nawa.

An binne Baffa kwana goma sha ɗaya kafin in hau mota a Bauchi.